Keke, Burji da Dajin Kamuku: Hanyar Komawa Makarantunmu

Jawabin da aka gabatar a taron reshe a madadin malaman firamare na gundumar Kakangi



An ba mu wannan dama ne domin mu ba da bayanin wata tafiya da mu biyar muka yi a kan kekuna, daga Kakangi zuwa wani ƙauye da ke bakin kwari, a gefen dajin Kamuku. Mun san labarin ya riga mu isowa. Wasu sun ce ganganci muka yi, wasu sun ce yawon buɗe ido muka tafi, wasu kuma sun yi dariya cewa tsadar mai ta mayar da malamai zamanin Raleigh. Kowanne daga cikin waɗannan zantuka yana da ɗan ƙamshin gaskiya. Za mu faɗi abin da ya kai mu, da abin da muka gani, sannan mu ajiye roƙo uku a gaban wannan taro.

Bari mu fara da dajin kansa, domin da yawa daga cikin matasan malamanmu ba su san shi ba sai a labaran rediyo. Tun a shekarar 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e. Daga baya ya zama wurin kare namun daji na jiha, sannan a 1999 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120. Kogin Mariga ne ya raba shi da gandun Kuyambana na jihar Zamfara, kuma ruwan nan na Mariga shi ne yake gangarawa ya faɗa kogin Kaduna, daga can ya shiga Kwara. A cikinsa akwai Dogon Ruwa inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, akwai Goron Dutse, akwai Tsaunin Rema da ya samo sunansa daga remayen da ke zaune a tsakanin duwatsunsa. Masana sun ƙirga tsuntsaye iri 177 a cikinsa, kuma an san shi da giwa, gwanki, kanki, mazo, gada, gadu da birai iri-iri.

Mu da muka haura shekara arba'in, a gefen wannan daji muka tashi. Malamanmu na firamare a kan keke suke zuwa, sun ɗaure littattafan aiki a kariya da igiyar roba, sun maƙale ƙafar wando kada sarƙa ta kama. Idan aka ji ƙararrawa daga wajen kuka, kowa ya san hedimasta ya iso, sai a ruga layi. Su ne suka fara fita da mu bayan gari suna nuna mana doka da maje da kawo da taura, suna sa mu rubuta sunayensu. Lokacin da muka je kwalejin ilimi muka ji ana koya mana cewa a fara koyar da yaro daga abin da ya sani zuwa abin da bai sani ba, sai muka gane cewa dattawan nan sun riga sun yi mana wannan darasi a gindin itace.

Abin da ya biyo baya, babu wanda ke zaune a ɗakin nan da zai buƙaci a ba shi labari. Dajin da muke shiga neman ɗinya da kanya ya koma mafakar 'yan bindiga. Kakangi ta sha hari, Randagi ta sha, ƙauyuka da dama sun tashi. A watan Maris na 2021 aka shiga makarantar firamare ta Rama aka tafi da malamai uku, 'yan uwanmu a wannan sana'a. A watan Satumba na shekarar nan gwamnatin jiha ta hana hawa babur na wani lokaci, aka katse layukan waya, aka rufe wasu kasuwannin mako, aka hana sarar itace da ƙona gawayi a ƙaramar hukumarmu da wasu maƙwabtanta. A watan Maris na 2024 aka kwashe ɗalibai a Kuriga, a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. A tsawon waɗannan shekaru makarantun ƙauye da yawa sun zauna a rufe, malamansu suna sa hannu a rajista a cikin gari, yaransu sun watsu gidajen dangi.

A ƙarshen Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe karar shanu da ta daɗe a rufe. Ba mu zo nan don yanke hukunci a kan sulhun ba, kowa yana da abin da zuciyarsa ke gaya masa, musamman waɗanda suka binne nasu. Abin da ya shafe mu shi ne, bayan 'yan makonni mutane suka fara komawa ƙauyukansu, suna gyara ɗakuna, suna share gonaki. Saƙon farko da ya zo mana daga wani mai unguwa gajere ne: mun dawo, yara sun dawo, ina malamai?

Tambayar ta yi mana nauyi, domin amsarta ta gaskiya ita ce muna jin tsoro, kuma ba mu da kuɗin mai. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidan mai. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000, kuma kowa ya san abin da ake ƙarawa kafin ta iso hannun 'yan bumburutu a ƙauye. Malamin da zai je ya dawo a kan babur kwana biyar a mako, sai ya zaɓa tsakanin tanki da tukunya. Akwai kuma dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. A ƙauyukanmu yau, ƙarar babura biyar tare ta isa ta sa mata su goya yara su faɗa cikin karan dawa. Ba mu so isowar malamai ta zama abin da za a gudu dominsa.

Saboda haka muka nemo kekuna. Biyu namu ne da suka daɗe a jingine a zaure, uku aro muka yi. Mun kai su wajen mai gyara, ya sauya boris, ya ɗaure birki, ya sa wa sarƙa mai. Ba a fafe gora ranar tafiya: mako guda kafin nan mun sanar da hakimi da dagacin ƙauyen da za mu je, mun nemi shawarar 'yan sintiri a kan hanyar da za mu bi da lokacin da ya kamata mu juyo, muka bar wa iyalanmu sunan kowane zango. Mu shida muka shirya. Daren tafiya ɗayanmu ya aiko cewa mai ɗakinsa ta ce idan ya fita, to ya fara kai ta gidansu da yara. Bai zo ba, kuma har gobe babu wanda zai ga laifinsa ko nata a cikinmu.

Ranar wata Asabar ta watan Janairu, bayan sallar asuba, muka kama hanya. Hunturu yana busawa, hazo ya rufe gabas, yatsu sun ƙage a kan birki. Guzurinmu ruwa ne da ƙuli-ƙuli da dabino, sai famfo ɗaya, da faci, da sholisho, da sifana biyu. Farkon hanyar burji ce ja, wadda ruwan damuna da dama ya zaizaye babu mai gyarawa. Inda tsakuwa ta kwanta, keke na gudu har mutum ya manta shekarunsa. Inda ta taru a gangare, tayar gaba takan zame, kuma nan muka tuna abin da muka sani muna yara: a matse birkin baya a hankali, a ja jiki baya a kan sirdi, kada a danne na gaba da ƙarfi. A cikin yashi kuwa sai an ɗan rage iskar taya, a riƙa taka feda ba tsayawa, don duk wanda ya yi shakka nan zai kafe. Sau uku ƙaya ta huda mana taya. Sau uku muka zauna a gefen hanya muna neman hudar da yawu, muna yi wa juna tsiya.

Da rana ta ɗan ɗaga sai gonaki suka ƙare, muka shiga inuwar doka. Inda wutar daji ta bi, sabon tofo ya fito jajir a kan baƙin toka. Mun wuce kaɗanya da ɗorawa da baushe, muka ga garken jan biri sun tsallaka hanya suna waiwayenmu, zabin daji suka tashi daga ƙarƙashin ƙafafunmu. Wani abu da mai babur ba ya samu shi ne ji. A kan keke babu ƙarar da ta wuce ta tsakuwa a ƙarƙashin taya, saboda haka mun ji kukan cilakowa, mun ji burtu daga nesa, mun kuma ji bugun zuciyarmu duk lokacin da wani abu ya motsa a cikin ciyawa. Ba za mu ɓoye muku ba, akwai wurin da muka tarar da tokar murhu da kwalaben magani da fatun harsashi a gindin wata tsamiya. Babu wanda ya ce uffan. Muka ƙara sauri.

Daga nan hanya ta gangara kwari. Iska ta sauya, ta yi sanyi da ɗanshi, itatuwa suka yi tsawo suka haɗe kai, ga maɗaci, ga tukurwa a bakin ruwa. Rafin da ke bin kwarin, wanda ruwansa ke tafiya Mariga, ya janye saboda rani, amma ya kai gwiwa a mashigi. Muka naɗe wanduna, kowa ya saɓa kekensa a kafaɗa, muka haye, tsando na cizonmu a wuya. Wannan ma darasi ne: abin hawan da za ka iya ɗauka idan ya kasa ɗaukarka, shi ne na irin wannan hanya. Ba mu shiga cikin gandun ba, domin shiga sai da izinin hukumarsa da rakiyar ma'aikatanta. A gefensa muka bi.

Amma abin da muka gani a gefen ya isa ya hana mu barci. Kututture ne sababbi, fari tas, ɗanyen garin zarto a zube a gindinsu. Maɗobiya, wadda saboda yawan sararta ana kai wa ƙasashen waje aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu tun 2017, da ƙyar muka ga tsayayya mai kauri. Mun wuce ramukan gawayi suna hayaƙi, an jera buhuna ana jiran mota, galibi ƙirya ce aka ƙone. Mun ga ramukan masu haƙar zinariya a buɗe, ruwan wankinsu yana komawa rafi da launin kunun kanwa. A cikin masu jan buhuna da masu wanke ƙasa akwai yara waɗanda a shekarunsu aji huɗu ko biyar ya kamata a same su. Ba mu zarge su ba, ba mu zargi iyayensu ba. Wanda ya dawo gida ya tarar babu rumbu babu shanu, abin da ke kusa zai kama. Sai dai idan aka tafi a haka, dajin da ya tsira daga shekarun bindiga zai iya ƙarewa a shekarun zarto, kuma da shi da ruwan kwarin da noman rani za su tafi.

Wajen hantsi muka isa ƙauyen. Ɗayanmu ya kaɗa ƙararrawa, da wasa ya yi. Sai ga yara suna fitowa daga lunguna, suna bin mu da gudu, suna taɓa kekunan. Babu wanda ya ɓuya. Mai unguwa, dattijo mai kimanin shekara saba'in, ya fito ya tsaya yana dubanmu, jikinmu duk jar ƙura. Muka durƙusa muka ce, “Baba, mun same ku lafiya?” Ya ce, “Malamai, a kan wannan kuka zo?” Muka ce a kansa. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To, ashe da gaske kuke. Ku zo ku ga ɗakinku.”

Makarantar aji biyu ce. Rabin kwanon ya tafi, gara ta cinye ƙofofi, awaki sun mayar da aji ɗaya turke. A ɗayan kuwa allon bango yana nan, kuma a kusurwarsa ta sama akwai ragowar kwanan watan ranar ƙarshe da aka yi darasi, da rubutun malamin da muka sani. Muka tara yaran da suka biyo mu a gindin wata ɗorawa, su kusan talatin. Muka tambaye su sunan itacen da suke zaune a ƙarƙashinsa. Kaɗan ne suka sani, waɗanda suka girma a hannun kakanni. Da muka tambayi sunayen bindigogi, har da 'yan shekara shida suka ɗaga hannu. Wannan shi ne abin da muka ɗauko muka kawo muku, ya fi ƙurar da ke jikinmu nauyi.

Da muka dawo, wani ɗan uwa da ke bin labaran wasanni ya ce mana abin da muka yi ai wasa ne da ake ji da shi a duniya. A garin Emporia na jihar Kansas ta Amurka, tun 2006 ake tseren keke na mil 200 a kan hanyoyin tsakuwa, wanda mutum 34 suka fara, yau kuwa dubbai ke zuwa, sunansa Unbound Gravel. Hukumar tseren keke ta duniya ta fara gasar zakarun irin wannan hanya a Italiya a 2022. A Kenya ana yin irinsa a ƙasar Masai Mara tun 2021, kuma a gandun Hell's Gate na can baƙi kan yi hayar keke su zagaya a tsakanin namun daji. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 3 ga Yuni ta zama ranar keke tun 2018. Mun yi murmushi da muka ji, domin abin da wasu ke biyan kuɗin jirgi su je su yi, mu hanyar aikinmu ce. Duk da haka akwai abin lura. Hanyar burji da kwari mai inuwa da tsuntsaye dukiya ce da wasu ƙasashe ke ci da ita ba tare da sun sare ko reshe ba. Ba mu ce gobe baƙi za su cika Kamuku ba. Muna cewa ne yaron da muke koyarwa yau, in Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, zai iya zama ma'aikacin gandu ko jagoran baƙi, amma sai idan akwai dajin, kuma sai idan ya san sunan abin da ke cikinsa.

Mun san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko sun ce aikin ƙungiya shi ne ta nemo wa malamin ƙauye alawus da gidan kwana da tsaro, kada mu nuna cewa za mu iya da keke har a ce ai sun saba. Mun yarda, kuma muna roƙon shugabanni kada su sassauta a kan ko ɗaya. Sai dai yaron da ke aji ɗaya bana ba zai tsaya yana ɗan shekara shida ba har a gama tattaunawa. Na biyu sun ce keke ba ya tsere wa babur idan abu ya ɓaci. Gaskiya ne. Shi ya sa ba mu ce kowa ya tafi ko'ina ba, kuma duk hanyar da masu gari suka ce ba ta natsu ba, kada malami ya taka ta ko a kan me. Na uku, 'yan uwanmu mata sun ce wannan shawara ba da su aka yi ta ba. Sun yi daidai. Abin da muke gani shi ne a nemi a bar su a makarantun cikin gari da na kusa, maza masu ƙarfi su karɓi na nesa, kuma muna so mu ji ta bakinsu kafin a tashi.

Ga roƙonmu. Na ɗaya, reshe ya kafa adashin keke ta hannun ma'aji, wanda duk mai so zai shiga, kowane wata a sayi keke ɗaya ko biyu masu faɗin taya da kariya mai ƙarfi, a fara ba waɗanda makarantunsu suka fi nisa. Na biyu, a kafa ƙa'idar tafiya: kada malami ya bi hanyar daji shi kaɗai, a sanar da dagacin gari kafin a tashi da bayan an isa, a juyo kafin la'asar sakaliya, kuma sakataren reshe ya riƙe jerin wanda ke bin kowace hanya. Na uku, reshe ya rubuta wa hukumar gandun Kamuku yana neman ma'aikatanta su riƙa zuwa makarantunmu ko da sau ɗaya a zango, su yi wa yara bayanin daji da dokokinsa. Mu kuma a namu ɓangaren kowace makaranta ta tara sunayen itatuwa da tsuntsayen yankinta daga bakin tsofaffi, ta dasa maɗaci ko ɗorawa a farfajiya idan damuna ta sauka.

Tun daga waccan Asabar, biyu daga cikinmu suna zuwa ƙauyen nan kwana uku a mako. Mutanen gari sun rufe rabin ajin da ciyawa, sun kori awaki. Ranar da aka fara darasi, malamin da ya shiga ya ɗauki tsumma zai goge tsohon kwanan watan, sai mai unguwa ya ce ya dakata. Ya sa aka kira yaran duka suka tsaya suka gani, sannan ya ce a goge a rubuta na yau.

Shugaban reshe, roƙonmu uku yana gabanku. Muna neman a tattauna shi a yau, a kuma kaɗa ƙuri'a a kansa kafin a rufe taro. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya dawo da waɗanda ke nesa da gida, ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya.